Shanyar Sunan Hadiza a Bakin Titi

Ku da kuke shigo min shago da waya a hannu kuna cewa, "Oga Murtala, ai aikinka ba wuya, suna ne kawai ka buga bisa jaka," ku samu benci ku zauna. Kai mai farar shadda, matsa daga gwangwanin nan, in jan fenti ya taɓa ka ni ban san ka ba.

Ni ma ba tsoho ba ne, ban cika talatin ba. Amma shekarata goma sha uku ina shaƙar fenti da tinar da ake tsinka shi da ita, kuma wanga abu shina tsufar da mutum tun daga hanci. A aji uku na sakandare ni da boko munka rabu lahiya, ba wanda yak kai ƙarar wani. Babana yak kamo hannuna yak kawo ni nan Tudun Wada wurin Malam Bala mai zane, yac ce, "Ga shi nan, tunda zanen bangon mutane da gawayi ya iya, a koya mishi wanda ake ci da shi." A satin ne kuma anka kawo wani siririn yaro mai yawan "sannu da aiki", sunanai Lukman. Ku riƙe sunan nan. Ko ba ku riƙe ba, ku ɗaga kai ku duba ƙetaren titi, ga rabinai can rubuce da wuta mai walƙiya.

Wata shida ba a bar mu mun taɓa reza ba. Wankin firam kawai. Wancan katakon mai kusurwa huɗu da anka ɗaure wa raga mai laushi, shi ne firam. Ka wanke shi da kananzir har ka ɗaga shi ga rana ka ga ba ramin da yat toshe. Bayan nan anka fara ba mu yankan harafi. Ka zana sunan bisa takarda mai danƙo, ka bi shi da reza, ka ciro cikin harafin ka bar gefe, ka manna bisa raga. In hannunka yay yi rawa sau ɗaya, cikin "a" ya faɗi, sunan ɗiyar mutane ya fito kamar an fasa mata ido. Sannan ka zuba fenti a baki ɗaya, ka ja shi da roba, ja guda, ba komawa. Ga zafin Sakkwato. In ka tsaya amsa gaisuwar ɗan Wamakko, kafin shi gama tambayar gida da gona da jaki, fenti ya bushe cikin raga, sai sabon wanki.

Malam Bala ba mai yawan magana ba ne, amma abu biyu bai wasa da su. Duk wanda yak kawo suna, shi rubuta da hannunai bisa takarda, a soke ta ga ƙusa. Ko ya rubuta shirme, shirmenai ne. Sai kuma kayan suna. Kun san jinjiri ba a faɗin sunanai a gari sai ranar da liman yar raɗa shi, to amma mu dole a gaya muna tun da kwana huɗu ko biyar saboda aiki. Malam yakan ce mai zane da liman su kaɗai ke riga gari ji, kuma liman ma mun riga shi. Don haka kayan suna a bayan shago ake shanya su, rubutu na duban bango. Ya taɓa marina a kan mahuci guda ɗaya da nib bari bisa tebur fuska sama.

A zamanin nan sunayen mata ba su wahalar da kowa. Hadiza, A'isha, Fatima, Maryam, kowace da firam ɗinta rataye ga bango, sunan uba kawai za ka sake. Firam ɗin Hadiza ya riga ni zuwa shagon nan. Yanzu fa? Suna guda, rubutu shida. Wata ta ce Khadija, wata ta ce a ƙara "h" a ƙarshe, wata ta ce "i" ya yi ƙauyanci a sa "e" biyu. Akwai wadda taz zo min da shi har da "r" kafin "h", nic ce, "Anti, wagga ɗiya ce ko sunan maganin tari?" Tat tattara jakarta ba ta dawo ba. Kowane harafi da anka ƙara, ni yanka ne da reza da ciwon wuya. Shi ko wancan na ƙetare, yatsa guda zai danna.

Wallahi na fi Lukman hannu. Ba ni nif faɗi ba, Malam yaf faɗi, gaban mai shayi da mai faci. Layina miƙe, nashi sai ka karkata kai kafin ka karanta. To amma shi shina da kawu a Abuja. Kawu yat tura shi koyon kwamfuta, yas sayo mishi inji. Ni kawuna guda ne, kuma kekena ma shi ke ara.

Da idon Malam yaf fara rauni, sai yak koma Wamakko noman shinkafa, yab bar min shago da firamai da mutanenai. Cikin mutanen nan akwai gida guda da yaf fi sauran duka: gidan Alhaji Garba mai hatsi a Unguwar Rogo. Gida ne mai sassa, 'ya'ya da jikoki kamar makaranta. Wata bai wucewa ba a yi aure ko suna ko walimar saukar karatu ba, kuma kowane taro sai an yi kayan rabo, jaka, bokiti, mahuci, kalanda. Malam yac ce min, "Murtala, ko kowa ya gudu, in gidan Alhaji na hannunka ba ka rufe ƙofa."

Shekarar da ba ni mantawa ita ce wadda Lukman yab buɗe shago. Duk faɗin Sakkwato bai ga wuri ba sai ƙetaren titina, ido cikin ido. Ƙofar gilashi, na'urar sanyi, kujera mai juyawa, ga allo an rubuta "Luks Dizain". Luks! Yaron da munka sha gari da ƙuli a murfin bokitin fenti. 'Yan mata sunka ɗauke ƙafa daga wurina kamar an yi shela. Sai in zauna bakin ƙofa ina kallon kabu-kabu na sauke su, su shiga su sha sanyi, su fito suna dariya da leda mai ƙyalli. Har ƙarar janaretonai na tsana, ga shi kuwa ba ta da ƙara sosai, abin da yaƙ ƙara ba ni haushi ke nan. Kuma mutumin bai taɓa yi min komi ba. Kullum da safe sai shi ƙetaro shi ce, "Yaya Murtala, an tashi lahiya?" Da zagina shike yi da na fi samun sauƙi.

A shekarar na yi sati uku ban wanke firam ba don ba abin da yaɓ ɓata shi. Amma gidan Alhaji bai motsa ba. Shi kaɗai yar rage min, kuma Lukman ya san haka, ni ma na san ya sani.

To wata Litinin da hantsi sai ga Sanusi, ɗan Alhaji na biyar, mai shagon shinkafa a kasuwa. Matatai ta haihu ran Asabar, ɗiya mace, haihuwar fari. Yash shigo shina waige kamar wanda yas sato akuya.

Nic ce, "Angon ƙarni! Barka, barka. Mi anka samu, mai tuwo ko mai noma?"

Yac ce, "Rage murya, Murtala. Jaka ɗari biyu nike so, ta yadi, ruwan ganye. Ba ni biro."

Yar rubuta bisa takarda: Hadiza Sanusi. Nid duba nic ce, "Kai, Allah shi yi maka albarka, yau firam ɗin Malam zai sha iska. Inna anka mayar ke nan?" Inna ita ce mahaifiyatai, Hajiya Hadiza, uwar gidan duka. Ba wanda ke kiran sunanta, kowa Inna.

Yac ce, "Ita. Amma ba ta sani ba. Jikoki mata tara a gidanmu, duk an mayar da na dangin uwa ko na wasu can, ba ta taɓa cewa komi ba, amma na san abin na ranta. So nike ta ji shi daga bakin liman ranar Asabar."

Nic ce, "Maijego fa?"

Yas sosa ƙeya. "Ta yarda da sunan. Rubutun ne ba mu daidaita ba. Ita da yayarta Anti Rukayya sun dage sai Khadeejah, mai 'K' da 'h' da 'e' biyu, wai haka ƙawayenta ke rubutawa, wai Hadiza sunan masu tallan fura ne. Ni ko uwata Hadiza ce. Haka yake a fasfonta na Makka, haka ubanta yak kira ta. In na sa wancan, wata anka mayar ba ita ba. Na ce musu za mu gani. In kaya sunka fito ranar suna, an riga an raba, sai dai a yi haƙuri."

Nic ce, "Ranka shi daɗe, ka zo gidan sirri. Nan ko ƙuda bai fita da labari."

Ran Laraba nib buga su. Farin fenti bisa ruwan ganye, ga ɗan fure da niy yanka da hannuna a gefe, ga "Barka da suna" a sama. Ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Jaka ɗari biyu, ba wadda fenti yaz zarce. Ina cikin kwasa zan kai baya, sai nij ji dariya daga ƙetare. Mota ta tsaya ƙofar Lukman, wasu mata uku sun fito, shi kuma ya fito tarbarsu da makulli a yatsa shina juyawa. Yah hango ni yaɗ ɗago hannu, "Yaya Murtala, ya kasuwa?"

Ya kasuwa. Gaban mata.

Ban san lokacin da niɗ ɗauko igiya ba. Niɗ ɗaura ta daga ƙusar ƙofata zuwa sandar wuta, niƙ ƙara wata a ƙasanta, niƙ ƙara ta uku. Nij jera jakunkunan nan duka, fuska ga titi, fuska ga gilashin Luks. Shagona yak koma kore shar kamar gonar albasa. Niz zauna ƙasansu bisa benci niɗ ɗora ƙafa kan ƙafa, nis sa anka kawo min shayi mai madara. A raina cewa nike, minti talatin kawai, shi gani, shi san gidan Alhaji na nan inda Malam yab bar shi, sannan in kwashe.

Ya gani kuwa. Na ga ya tsaya da juya makulli. Daɗin da nij ji a lokacin, ko ranar Sallah ban ji irinai ba.

Abin da ban lura ba, ɗaya cikin matan nan uku Anti Rukayya ce, ta zo buga sitikar da dangin maijego za su manna ga kofuna. Sai gani niy yi mace ta ƙetaro titi ba ta ko duba mota, tat tsaya gaban igiya, tas sauke tabarau.

"Malam, wa yab ba ka wanga aiki?"

Nic ce, "Hajiya, ai Sanusi da yawa a gari."

"Mai ɗiya Hadiza da za a yi suna ran Asabar ma da yawa ne?" Taɗ ɗaga waya, ƙyas, ƙyas. "Wato mu za a mayar 'yan ƙauye a gaban mutane. To mu gani."

Kafin in sauke igiya ta farko hoto ya shiga wayar matan unguwa. Kafin in sauke ta uku, wata maƙwabciya ta shiga gidan Alhaji da guɗa, tana, "Inna, barka, ashe takwara anka yi miki!" Haka tsohuwar nan taj ji, tana tsakar gida tana tsintar wake, daga bakin matar da ko gayyatar sunan ba a kai ga yi mata ba.

Bayan la'asar Sanusi yaz zo. Na shirya ma zagi, har na tanadi inda zan sa kaina in ya kawo mari. Bai yi ko ɗaya ba. Yat tsaya bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Murtala, mi niy yi maka?"

Nic ce, "Wallahi bayan shagon ne rana ba ta..."

"Rana ba ta kai bayan shago ba. A Sakkwato." Yad dube ni. "Maijego tun azahar take kuka, ta ce na yaudare ta. Uwarta ta kira Alhaji. Inna kuma ta kira ni tac ce in ita ce za ta haɗa ni faɗa da iyalina, a canza sunan gaba ɗaya, ba ta so. Ka ji? Matar da shekara da shekaru take jira, yau da bakinta take cewa a canza."

Nic ce, "A gaya min yadda ake so, in sake bugawa, ko mai 'e' goma ne."

Yac ce, "Alhaji ya yanke. Suna na nan, na Inna ne. Rubutu a bar ma maijego nata, a zauna lahiya. Aiki kuma a kai ma yaron can mai gilashi, shi aƙalla ƙofatai na rufe." Yaj juya zai tahi, nic ce jakunkunan fa? Yac ce in dafa su.

Suna nan bayan shago har gobe, cikin buhu biyu. In kun san wani Sanusi da matatai ke da ciki, ku turo min shi.

Ran Alhamis da safe ina zaune ina kallon ƙasa, sai ga inuwa. Lukman ne, da ƙatuwar leda a kafaɗa, da wata jaka guda a hannu wadda tsakiyarta ta ƙone ta yi rami kamar an aza mata dutsen guga.

"Yaya Murtala, an tashi lahiya?"

Nic ce, "Ka zo ganin gawa ne?"

Yac ce, "Subhanalla. Taimako niz zo nema. Injina da zafi shike manna rubutu, irin wagga jaka kuwa narkewa take. Na gwada uku duk haka. Ba abin da ke kama ta sai fenti da raga, kuma duk Tudun Wada ba mai hannunka. Ɗari biyu ne, gobe da yamma ake so."

Kun ji fa. Inji mai kawu a Abuja ya kasa. Na so in yi dariya har in faɗo daga benci, in ce mishi shi je shi danna yatsa. Sai yam miƙo min takardar da yaf fitar daga kwamfuta. Khadeejah Sanusi, da wasu ƙananan taurari. A can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa: Luks Dizain, da lambar wayatai.

Nic ce, "Wanga na ƙasa fa?"

Yac ce, "Aikin a hannuna anka ba da shi, Yaya. Kuma Alhaji ya ce kada a kuskura shi ji hannunka ciki. In na bar wurin ba suna, za a tambaya."

Nid daɗe ina kallon takardar. In na ƙi, Sanusi zai yi taro ba kayan rabo, bayan abin da na riga niy yi mishi. In na yarda, in yanka sunan Lukman da rezata. Nic ce shi aje ledar shi fita min daga shago kafin in canza shawara.

Haruffa tara ne a Khadeejah, na ƙirga su da wuyana. Su ba su dame ni ba. Ƙananan na ƙasa su ne aiki, don ƙaramin harafi shi ke cin reza, ga lambar waya mai takwas har uku, kowace takwas ciki biyu gare ta. Sai da nil lalata takarda huɗu. Kuma abin haushi, hannun nan nawa bai san fushi ba. Na so ko sifili guda ya karkace, yaƙ ƙi. Sunka fito tsaf, sun ma fi na farko.

Ran Asabar anka raɗa suna. Ban je da safe ba, kunya ba ta bar ni ba. Sai da rana ta yi sanyi nis sa riga nit tahi Unguwar Rogo, nic ce a yi min iso wurin Inna, don tun ina wankin firam take ba ni fura in Malam ya aike ni gidan. Nis same ta bisa darduma a ƙofar ɗakinta, ga jakunkuna a hannun kowace mace a tsakar gida. Nid durƙusa.

"Inna, na zo neman gafara."

Tac ce, "Ɗan Malam Bala, kai ne mai shanya? Tashi, tashi. Ni na yafe. Da na ji daga liman da ya fi daɗi, amma ko daga bakin wa, takwarata dai ta zo." Taj jawo jaka guda daga gefenta tana shafawa. "An ce wanga rubutu wai sunana ne. Ni dai ban san ina da tsawo haka ba. Amma dubi aiki, don Allah. Dubi yadda farin yaz zauna, ko ɗigo babu. Tun bayan Malam Bala ban ga hannu irin wanga ba."

Nib buɗe baki zan ce hannuna ne, tar riga ni.

Tac ce, "Alhaji ya ce daga yau yaron nan mai gilashi da yay yi shi za a riƙa kai ma aikin gidan nan duka. Kai ma ka rage zaman benci, ka riƙa ƙetarawa wurinai kana koyo. Ba girman kai a neman sani."

Sai nij ji "Salamu alaikum" a bayana. Lukman ne, ya kawo ragowar kofuna, da makullinai a yatsa. Inna tac ce, "Yawwa, ga shi ma. Ɗana, ka taimaka ma wanga, abokinka ne."

Lukman yad durƙusa kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa, yas sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Yac ce, "In sha Allahu, Inna. Ai shina da hannu. In ya natsu zai iya."